Gidan burodina ba ya tafiya sai ina tsaye, ga shi na biya kujerar Makka

Wani bawan Allah daga Zariya ya rubuto yana cewa: "Assalamu alaikum. Ina da gidan burodi shekara goma sha huɗu ke nan, da ma'aikata ashirin da 'yan kai. Bara aka yi mini aiki a asibiti, na kwanta kusan wata guda. Kafin in miƙe fulawa ta yanke sau biyu, don dilan ya ce ba zai ba da bashi ba sai ya ji muryata. Burodi ya canja ɗanɗano har wasu masu shayi suka koma wani wuri. Ƙanena da babban yarona suka daina gaisawa, kuɗin da aka kawo mini kuwa bai kai rabin abin da na saba gani ba. Bana na biya kujerar Makka, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Babban ɗana yana jami'a, ba ruwansa da burodi. In sallami yaran nan in nemo masu amana, ko in ɗage tafiyar sai wata shekara?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa ciwon ya zama kaffara. Kada ka ɗage tafiyar, kuma kada ka sallami kowa yanzu. Idan ka ɗage, baɗi ma da wannan fargabar za ka tashi. Idan ka kori yaran, sababbin da za ka ɗauko za su tarar da gidan yadda na yanzu suka tarar da shi, su faɗa ramin da waɗannan suka faɗa, ga shi ba su ma san kwaɓinka ba.

Mu koma kan abubuwa huɗun da ka lissafa. Dilan fulawa ya ƙi ba da bashi saboda kai kaɗai ya sani, ba ka taɓa kai masa wani ka ce wannan bakina ne ba. Burodi ya canja saboda ma'aunin sukari da yis da bota yana idonka da tafin hannunka, ba ya jikin bango. Ƙanenka da babban yaronka sun yi faɗa saboda ka kwanta ba ka faɗa wa kowa wane ne babba ba, ɗaya yana taƙama da jini, ɗaya yana taƙama da daɗewa. Kuɗi kuma sun ragu, to amma an yi kwanakin da ba a kunna tanda ba, an rasa masu saye, kuma ina kyautata zaton akwai bashin da ke hannun masu shayi wanda ba wanda ya san yawansa sai kai. Mai yiwuwa an ci wani abu a ciki. Sai dai ba ka da takardar da za ka kama ɓarawo da ita, ba ka kuma da wadda za ka wanke mai gaskiya da ita. Wannan na biyun ya fi damuna, domin a cikin yaran nan akwai wanda ya kwana a gaban wuta wata guda yana kare maka dukiya, yau kuma kana masa kallon da kake yi wa maciyin amana.

Akwai maganar da zan faɗa maka wadda ba lalle ta yi maka daɗi ba. Da yawa daga cikin masu sana'a da suka tashi da guminsu suna jin daɗin a ce komai sai su. Waya tana ƙara tun asuba, wannan yana neman kuɗin itace, wancan yana tambayar ko a ba wane bashi, mutum yana ƙorafin gajiya amma a ransa yana jin shi ne ginshiƙi. Ban ga laifinka ba, domin da wannan tsayuwar ka gina gidan tun yana da tanda ɗaya. Amma tsayuwar da ta isa ma'aikata uku ita ce take shaƙe gida mai ma'aikata ashirin. Duk tsarin da zan zayyana maka ba zai yi aiki ba matuƙar ba ka yarda a ranka cewa wani zai yanke hukunci a gidanka ba tare da ya tambaye ka ba, wani lokacin ma ya yanke wanda ba shi za ka yanke ba, kuma ka haɗiye.

Fara da rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, har aka ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Ban san dalilin da ya sa ɗan kasuwarmu zai karanta wannan a tafsirin azumi, ya koma shago ya ce "ai duk yana kaina" ba. Ba sai ka sayi kwamfuta ba. Manyan littattafai uku masu bango mai tauri sun isa a fara: na sito, na fitar burodi, na bashi.

Ka duba yadda safiyar gidanka ya kamata ta kasance. Mai riƙe da makullin sito ya fitar da buhun fulawa goma, mai rubutu ya rubuta goma, shugaban masu kwaɓi ya sa hannu cewa goma ya karɓa. An gasa, an zuba a leda, an ƙirga manya da matsakaita da ƙanana, da waɗanda suka ƙone ko suka lotse, an rubuta. Masu babur sun jeru a ƙofa, kowa ya ɗaure akwatinsa, a gaban sunansa an rubuta guda nawa ya ɗauka. Da yamma ya dawo da abu uku: kuɗin da ya karɓo, kwantan da ya dawo da shi, da sunan mai shayin da ya ce sai gobe. Idan aka haɗa ukun dole su yi daidai da abin da ya fita da shi da safe. Shi ke nan. Wanda ya gama firamare zai iya riƙe wannan littafi.

Kafin nan kuma akwai lissafi guda da sai kai da kanka za ka tsaya a yi shi. Ka sa a kwaɓa buhu ɗaya mai kilo 50 a gabanka, da sikeli, a ga burodi nawa yake bayarwa a kowane girma. Ka maimaita a ranaku daban-daban har ka sami adadin da ba ya sauyawa sosai. Daga ranar, ko kana Madina aka ce maka an kwaɓa buhu goma an sami kaza, ka san ko an yi daidai ko an yi ɓarna. Wannan adadi guda ya fi maka masu kai gulma goma amfani, kuma ba ya ɓata tsakaninka da kowa.

Haka ma'aunin kwaɓin. Ka daina "zuba kamar haka". A auna sukari, gishiri, yis, bota da ruwa na buhu ɗaya, a rubuta lokacin da ake barin kwaɓi ya tashi a lokacin zafi da lokacin hunturu, a manna a bango cikin leda. Na san abin da zai zo ranka: idan na rubuta sirrina, yaro zai kwashe ya je ya buɗe nasa. Malam, wanda ya shekara biyar yana kwaɓi a gabanka ya riga ya san sirrin. Abin da zai hana shi tafiya shi ne yadda kake riƙe shi. Rubutun kuma zai kare ka ta wata fuskar: hukumar NAFDAC ta haramta sa sinadarin bromet a burodi, kuma yaron da aka bari ba ma'auni, ya ga burodi ya ƙi kumbura, yana iya jin shawarar wani ya zuba abin da zai sa a rufe maka gida, ya cutar da masu ci.

Sai batun aljihu, wanda a nan yawancinmu muke faɗuwa. Ina da yaƙinin kuɗin cefane, kuɗin makarantar yara, gudummawar biki da na fulawar gobe duk daga wuri ɗaya suke fita, masu saye kuma suna turo kuɗi cikin asusunka na kanka. Muddin haka ne, ba mai iya cewa gidan yana riba ko uwar kuɗi ake ci, har da kai. Ka buɗe asusu da sunan gidan burodin, na'urar POS ma ta zama da sunansa, duk ciniki ya shiga can. Ka yanka wa kanka albashi kamar kowane ma'aikaci, wanda zai ishi gidanka, ka tsaya a kansa. Idan wata hidima ta taso ka ɗauki ƙari, a rubuta cewa maigida ya ɗauki kaza. Yaran suna kallonka: ranar da suka ga kai ma ba ka sa hannu a aljihun tebur sai an rubuta, kunyar yin hakan za ta kama su. Ga wata fa'ida kuma, fitar da zakkar dukiyar kasuwanci yana buƙatar ka san abin da ke hannu da bashin da ake sa ran biya, kuma ba a sanin wannan da ƙiyasi.

Yanzu ga wurin da ya fi wuya, ƙanenka da babban yaronka. Ayarin fatake ma da ke zuwa Gwanja sayen goro madugu ɗaya yake da shi, jagaba yana gaba yana duba hanya, kowa ya san iyakarsa. Dole ka zaɓi mutum ɗaya ka ce shi ne manaja, ka tara ma'aikata duka ka faɗa da bakinka a gabansu. Ban san su ba, kai ka san su, amma ga ma'aunin da zan ba ka: wanda ma'aikata suke jin maganarsa ba tare da ya ɗaga murya ba, wanda ya san aikin tun daga sito har bakin tanda, wanda idan ya yi kuskure yake zuwa ya faɗa kafin a gano. Idan babban yaron ne ya cika wannan, ka naɗa shi ko da ƙanenka zai yi fushi. Ka sami ƙanen naka ku kaɗai tun kafin taron, ka ba shi aikin da yake da daraja kuma yake da iyaka, misali ya riƙe kuɗi da banki, ko ya riƙe masu rarrabawa da karɓo bashi. Idan akwai mahaifiya ko wani babba a gida, ka sanar da su da wuri, don kada maganar ta je musu a karkace a ce ka fifita bare a kan ɗan'uwanka. Zumunci ya fi lalacewa idan aka bar ɗan'uwa a matsayin da ba a fayyace ba, yana ganin gidan nasa ne, ma'aikata suna ganin shi ɗan sa ido ne.

Ka kiyaye abu ɗaya a rabon aikin: mai makullin sito daban, mai rubutu daban, mai karɓar kuɗi daban. Wannan ba zargi ba ne, kuma ka faɗa musu haka. Mutumin kirki ma idan aka haɗa masa kaya da alƙalami da kuɗi a hannu ɗaya, ga haihuwa ga rashin lafiya a gida, an jarrabe shi da abin da bai kamata a jarrabe shi da shi ba.

Naɗi kuma ba ya cika sai da iko. Ka ce wa manajan: duk abin da bai wuce naira kaza ba, na itace, na man janareta, na gyaran injin kwaɓi, ka kashe ka rubuta, kada ka kira ni. Abin da ya haura haka ku sa hannu ku biyu da mai riƙe kuɗi. Sabon mai shayi ba a ba shi bashin da ya wuce na kwana kaza. Sannan ka ɗauke shi ƙafa da ƙafa ka kai shi wurin dilan fulawa, da mai sukari, da mai itace, da manajan bankinka, ka ce ga wanda zai riƙa zuwa a madadina. Ka bar shi ya yi sayayyar watanni biyu ko uku kana gari, har dilan ya saba da fuskarsa, ya ga kuɗinsa suna zuwa a kan lokaci. Ka nemi dila na biyu ma, don kada numfashin gidanka ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Ranar da ma'aikaci ya tsallake manaja ya zo wurinka da ƙara, ka mayar da shi wurin manajan. Idan ka saurare shi sau ɗaya ka warware abin da manaja ya ƙulla, ka rushe naɗin da hannunka.

Kuma ka biya shi. Ba a ɗora wa mutum nauyin gida a bar shi a kan albashin mai ɗaure leda. Ka yanka masa albashi sananne, ka ƙara masa da wani ihsani da ke tafiya da ribar wata, don ya ji kwantai da ƙonewar burodi a jikinsa. Damƙa dukiya a hannun wani ya juya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Khadija ba ta bin ayari zuwa Sham da kanta, wakilta amintattu take yi, kuma malamanmu na fiƙihu sun yi babi guda a kan ƙiradi, wato ba wani jari ya juya a raba riba, da wani babin a kan wakalci.

Ba a fafe gora ranar tafiya, saboda haka ka gwada tsarin tun kana gida. Ka fara da yini ɗaya a mako da ba za ka leƙa ba, wayarka ta aiki a kashe. Bayan wata guda ka yi kwana uku, daga baya ka yi mako cur, ka tafi ziyarar dangi. Duk dawowa ka zauna da manaja da littattafan, ka tambayi inda aka maƙale. Kowace maƙalewa tana nuna maka wani abu da har yanzu yake kanka bai sauka a takarda ba, sai ka sauke shi. Za a yi asara a gwajin nan, wata rana kwaɓi zai lalace, wani zai gudu da bashi. Ka ɗauke ta kuɗin makaranta, kada ka mayar da ita hujjar komawa bakin tanda. Idan ka tafi Makka, saƙo ɗaya a mako ya isa: buhu nawa aka kwaɓa, burodi nawa ya fita, nawa ya shiga banki, nawa ne bashi a waje. A nan ne kuma, bayan wata biyu ko uku na rubutu, za ka ga wanda lissafinsa ba ya haɗuwa kullum. Shi za ka sallama, da hujja a hannu.

Wasiƙarka a kan tafiyar 'yan makonni take, amma akwai tafiyar da ba a dawowa, kuma ciwon bara ya isa tunatarwa. Ka duba kasuwanninmu, daga Kantin Kwari zuwa Singa har kasuwar Sabon Garin Zariya, ka ƙirga shagunan da suka yi suna a zamanin mai su, ana gama sadakar arba'in aka raba kaya aka sa kwaɗo. Sannan ka dubi gidan Alhassan Ɗantata. Ya rasu a 1955, amma tun yana raye yana da wakilai masu saya masa gyaɗa a garuruwa, yana da mai kula da kuɗi, ya sa 'ya'yansa cikin aikin, kuma masu tarihinsa sun ruwaito cewa da ajali ya matso ya tara su ya roƙe su kada su bar kamfanin ya rushe. Ɗansa Ahmadu ya riƙe har ya rasu a 1960, Aminu ya karɓa ya ci gaba, shi kuma sai a 2025 Allah Ya yi masa rasuwa. Girman dukiyar ba shi ya tsare ta ba, domin an ga manyan dukiyoyi da suka watse cikin shekara biyu. Abin da ya bari mutane ne da suka san aikin da kuma suna ɗaya da suke aiki a ƙarƙashinsa.

Kai ma kana iya yin naka daidai ƙarfinka. Idan rajistar da ka yi a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta sunan kasuwanci ce kawai, a idon doka kai da gidan burodin abu ɗaya ne. Ranar da ka faɗi, banki zai rufe asusun har sai magada sun kawo takardun kotu, wakilcin da ka ba manaja ya ƙare da ƙarewarka, ma'aikata ashirin kuma ba mai biyansu. Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yin rajistar kamfani mai zaman kansa shi kaɗai. Kamfani ba ya mutuwa da mutuwar mai shi, abin da ake gada hannun jari ne. Ka ga an sami mafita ga matsalar da take rusa gidaje irin naka, domin tanda da injin kwaɓi ba sa rabuwa a fitar wa mata da tumuninsu, sai dai a sayar, amma hannun jari yana rabuwa daidai yadda shari'a ta tsara, namiji da rabonsa, mace da nata, gidan kuma yana ci gaba da gashi ana raba riba. Wanda yake son kuɗinsa a hannu sai 'yan'uwa su saye rabonsa. Ka tuna wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji, saboda haka ba za ka iya rubuta cewa wane shi zai gaji gidan ba. Abin da za ka iya shi ne ka tsara yadda za a tafiyar da shi, ka ƙara darakta na biyu da mai sa hannu na biyu a banki tun yanzu. Ka zauna da lauya da malamin da ya san rabon gado a zama ɗaya, kowa ya ji abin da ɗayan ya ce, kafin ka sa hannu a komai.

Game da ɗanka, kada ka tilasta masa, kada kuma ka cire rai. Ba dole ne ya iya kwaɓi ba kafin ya amfani gidan. Idan ya zo hutu ka ba shi littattafan nan uku ya haɗa maka lissafin wata, ka biya shi ladan aikinsa kamar yadda za ka biya akawu. Magajin da ya iya karanta lissafi zai iya sa ido a kan manaja ko yana aiki a wani gari. Ka duba cikin sauran 'ya'yan ma, har da mata, domin sau da yawa mai kan kasuwancin tana cikin gida ba a taɓa tambayarta ba. Uwargida kuma ta san inda takardun fili, na rajista da na banki suke, da sunayen waɗanda kake bi da waɗanda suke binka, kafin ranar da za a kira ku sansanin alhazai.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya karɓi ibada, ka sa mu a addu'a.